Windows da Linux: Abubuwan da ya kamata ka sani kan rikicin manhajar kwamfuta

Duk wanda ya shiga shagon buga takardu a Yelwa domin cike fom ko buga katin biki, kusan tabbas Windows zai gani a kwamfutar mai shagon. Wayar Tecno ko itel da ke aljihunsa kuwa a kan Linux aka gina ta. Waɗannan manyan manhajoji biyu sun shafe shekara fiye da 30 suna takun saƙa.

Mece ce babbar manhaja?

Ita ce ke fara tashi idan ka kunna na'ura, ita ke raba aiki tsakanin allo da ma'ajiya da firinta, sauran manhajoji duk a kanta suke hawa. Kowace manhaja tana da rubutun asali da masana suka tsara. Kamfanoni irin su Microsoft suna kulle nasu, su sayar maka da izinin amfani kawai. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa rubutunta a fili yake, kowa yana da damar ya karanta, ya gyara, ya kwafa wa wani.

Ka ɗauki injin kwale-kwale a bakin kogin Yauri. Idan ya tsaya, makaniki zai kwance shi ya duba cikinsa. To, da a ce kamfanin ya liƙe murfin da walda, ya kuma sa doka cewa shi kaɗai zai buɗe, ya masu jirgi za su yi ranar kasuwa? A ganina tushen rikicin ke nan, maganar kuɗi a baya take zuwa.

Daga ina aka faro?

A 1976 Bill Gates ya rubuta wa masu sha'awar kwamfuta wasiƙa yana cewa kwafar manhaja ba tare da biya ba sata ce. A 1983 Richard Stallman, a Amurka, ya ƙaddamar da shirin GNU domin gina babbar manhajar da ba a kulle ba, daga baya ya kuma fito da lasisin GPL mai sharaɗi guda mai ƙarfi: idan ka gyara ka rarraba, dole gyaranka ya zama a buɗe. A 1991 wani ɗalibi a Finland, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta rage wa shirin, aka kira ta Linux.

Da Linux ta fara cin kasuwa a manyan kwamfutocin intanet, sai hankalin Microsoft ya tashi. Takardun cikin gida da suka fallasa a 1998 sun nuna kamfanin yana kallonta a matsayin barazana, kuma a 2001 shugabansa Steve Ballmer ya kwatanta ta da ciwon daji.

Lokacin da rikicin ya iso Najeriya

Mutane da yawa ba su san an taɓa gwabza wannan faɗa a kan ɗaliban ƙasar nan ba. A 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya samu cinikin sa Linux a ƙananan kwamfutoci 17,000, ƙirar Classmate ta Intel, da za a raba wa makarantun Najeriya. Ana cikin haka sai aka sanar da shi cewa za a biya shi kuɗinsa, amma za a goge Linux a ɗora Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Ballmer buɗaɗɗiyar wasiƙa cikin fushi, labarin ya zaga duniya. Microsoft ya musanta aikata ba daidai ba. Daga baya asusun USPF na gwamnati, wanda ya biya kuɗin mafi yawan kwamfutocin, ya ce yana so a bar Linux a kansu.

Me ya sa kamfani mai arzikin Microsoft zai damu da kwamfutocin 'yan makaranta? Domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi kwamfuta a kan Windows, ita zai nema idan ya buɗe shago, ita zai sa a saya idan ya zama darakta. Wannan ne ma ya sa kwafin Windows marar lasisi da ya cika shagunanmu bai cutar da kamfanin yadda ake zato ba, sabo yake dasa masa kyauta.

Wa ya yi nasara?

An raba fagen ne. Tun Nuwamban 2017 kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya duk Linux suke amfani da ita, haka ma akasarin rumbunan da ke riƙe da intanet, ga kuma Android ta wayoyin hannu. Windows ta riƙe teburin ofis da shago. Su kuma kamfanonin sun canza salo, suka shigo ciki: Microsoft ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, ya sayi GitHub, dandalin ajiye rubutun manhajoji, a 2018 kan dala biliyan 7.5, IBM kuma ya sayi kamfanin Linux na Red Hat a 2019 kan dala biliyan 34.

Sai dai kada buɗewar Android ta ruɗe ka. Tushenta a buɗe yake, amma Play Store da Gmail da taswira a hannun Google suke. Da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi a 2019, sababbin wayoyinsa sun fito babu waɗannan, kasuwarsu a wajen Sin ta faɗi.

Me ya shafi ɗan Yauri?

A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina bai wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma tana buƙatar sabon inji da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Kwamfutocin da ke iso mana galibi 'yan Beljiyam ne da suka gama aiki a Turai. Ɗalibin Ngaski ko Shanga da mahaifinsa ya sayar da buhunan albasa ko shinkafa ya saya masa ɗaya, sai a ce masa ta tsufa alhali lafiyarta ƙalau. Za ta ci gaba da tashi, amma duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano ba mai toshewa. Wannan yana ɓata min rai.

Linux Mint ko Lubuntu suna tafiya sumul a kan irin waɗannan kwamfutoci, kyauta, da LibreOffice na rubutu da lissafi. Amma ba zan ɓoye cikas ba. Mai shagon da ke cin abinci da CorelDRAW ba zai same ta a Linux ba, sai ya koyi Inkscape daga farko. Wasu firintoci suna gardama. Babbar matsalar ita ce, in ta rikice, da wuya ka samu mai gyara kusa da kai, domin cibiyoyin koyon kwamfuta Word da Excel suke koyarwa.

Saboda haka shawarata ga makarantun masarautar Yauri da masu cibiyoyin horo ita ce su ware ko da kwamfuta biyu su sa musu Linux. Ga mai son gwadawa kuma, ba sai ya goge Windows ɗinsa ba: a sa masa Linux Mint a kan filash mai giga 8, ya tayar da kwamfutar daga nan, ya gwada firintarsa da intanet ɗinsa na mako guda kafin ya yanke shawara.