Kati mai bidiyo: Me ya sa oda daga Guangzhou ke wuce ranar da aka yi alƙawari?

A 'yan shekarun nan wani sabon nau'in kati ya fara shiga bukukuwan masu hali da tarukan manyan kamfanoni a Abuja da Kano da Legas. Daga waje ba shi da bambanci da katin gayyata mai kauri, amma da zarar an buɗe shi sai wani ɗan allo da ke ciki ya haska, bidiyo ya fara aiki da sauti.

Kusan dukkan irin waɗannan katuna daga ƙasar Sin ake kawo su, kuma da yawa daga cikin odar kan bi ta hannun dillalai da kamfanonin dakon kaya da ke unguwar Sanyuanli a birnin Guangzhou.

Sai dai kati ya bambanta da takalmi ko atamfa. Ana buga masa suna da rana, don haka in ya iso bayan an ɗaura aure ko an tashi daga taro, kuɗin da aka kashe sun tafi ke nan, domin babu wanda za a sayar wa. Wannan ne ya sa lissafin kwanaki ya fi lissafin farashi muhimmanci a wannan harka.

Ina ne Sanyuanli?

Sanyuanli na gundumar Baiyun, arewa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou. A tarihin Sinawa an san wurin da boren da mutanen ƙauyen suka yi wa sojojin Birtaniya a 1841. A wajen ɗan kasuwar Afirka kuwa, sunan na nufin jerin manyan benaye na sayar da tufafi da takalma da jakunkuna, irin su kasuwar Canaan da ke titin Guangyuan ta Yamma.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 'yan Afirka suka fara tururuwa zuwa birnin. 'Yan Najeriya sun fi yawa a Sanyuanli, yayin da Musulmi daga Mali da Gini da Nijar da arewacin Najeriya suka fi karkata ga unguwar Xiaobei, inda ake samun abincin halal cikin sauƙi. Tsakanin unguwannin biyu tafiya ce ta 'yan mintuna.

Abin da masu oda da dama ba su sani ba shi ne, ba a Sanyuanli ake ƙera katin ba. Wurin kasuwa ce da matattarar dillalai. Masana'antun da ke haɗa ƙananan kayan lantarki sun fi yawa a biranen Shenzhen da Dongguan, kuma Shenzhen na da nisan fiye da kilomita 100 daga Guangzhou. Ma'ana, tsakanin mai biki a Kano da wanda zai manna allo a jikin kwali akwai aƙalla hannu biyu ko uku, kuma kowane hannu na da nasa jinkirin.

Me ke cikin katin?

Katin haɗin gambiza ne na sana'o'i biyu: ɗab'i da lantarki. Akwai kwalin da ake bugawa a yanka a naɗe. Akwai allon kallo, wanda girmansa kan kama daga inci 2.4 zuwa inci 10, ko da yake an fi neman mai inci 4.3 da 5 da 7. Sannan akwai ɗan faifan da ke sarrafa bidiyon, da ma'adanar bayanai, da lasifika, da batirin litiyom da ake yi wa caji, da mayen ƙarfe wanda ke kunna bidiyon in an buɗe katin, ya kashe shi in an rufe.

Ba kasafai masana'anta ɗaya ke ƙera dukkan waɗannan ba. Takan sayo allo daga wani wuri, batiri daga wani, ta kai aikin bugu maɗaba'a, sannan ma'aikatanta su harhaɗa da hannu ɗaya bayan ɗaya. In abu ɗaya ya makara, sauran sai su zauna jiransa.

Yaushe ake fara ƙidayar kwanaki?

A nan ne mafi yawan saɓani ke tasowa. In masana'anta ta ce "kwana goma", mai oda kan ɗauka daga ranar da suka yi magana ne. Ita kuwa masana'anta ba ta fara ƙidaya sai abubuwa uku sun cika: kuɗin kafin alƙalami ya shiga asusunta, an turo zane da bidiyo a tsarin da injinanta ke karɓa, kuma mai oda ya amince da samfuri. Ban da haka, kwanakin aiki take nufi, ban da ranakun hutu.

A al'adar cinikin Sin akan biya kashi 30 cikin 100 tun farko, a cika sauran kafin kaya su bar masana'anta, ko da yake a ƙananan oda akan nemi rabi ko ma duka. Ga ɗan Najeriya, neman dala ko yuwan da tura su kaɗai na iya cin kwanaki, musamman tun bayan da aka bar kasuwa ta riƙa yanke wa naira daraja a watan Yunin 2023.

Zane ma na da nasa tarnaƙin. Launin da ake gani a fuskar waya ba shi ne ke fitowa a takarda ba, domin tsarin haɗa launin maɗaba'a daban ne. Haruffan Hausa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, kan rikiɗe su koma akwatuna ko alamar tambaya in kwamfutar maɗaba'a ba ta da irin rubutun. Rubutun Larabci ko Ajami kuma na iya warwatsewa ko ya juya baya, ma'aikacin da bai iya karanta shi ba kuwa ba zai lura ba. Maganin hakan shi ne mai zane ya mayar da rubutun tamkar hoto kafin ya tura.

Sai kuma bambancin lokaci. Sin na gaban Najeriya da Nijar da sa'a 7. Lokacin da ake buɗe shaguna a Kantin Kwari, ma'aikatan ofis a Shenzhen na shirin tashi. Tambaya ɗaya da amsarta na iya cin yini guda, gyara uku kuwa ya lashe rabin mako.

Bayan an daidaita, yin samfuri kan ɗauki kusan mako guda. Ainihin aikin, in odar ta 'yan ɗaruruwa ce, galibi yakan ci mako biyu zuwa uku. Duk wani ƙarin ado, kamar rubutun ruwan zinare ko murfin fata ko akwati na musamman, na ƙara kwanaki, saboda sai an ƙera masa ƙarfen bugu ko na yanka.

Kalandar Sinawa

Babu abin da ke wargaza lissafi kamar bikin sabuwar shekarar gargajiya ta Sinawa. Hutun hukuma kwanaki kaɗan ne da suka wuce mako guda, amma ma'aikatan masana'antun Guangdong mafi yawansu 'yan ci-rani ne daga larduna masu nisa. Sukan fara tafiya gida tun kafin bikin, wasu kuma ba sa dawowa. Saboda haka masana'anta na iya shafe mako uku zuwa wata guda kafin ta koma aiki sosai, kuma ta tarar da tulin odar da ke jira.

Ranar bikin na sauyawa kowace shekara. A 2025 ya kama ranar 29 ga Janairu, a 2026 ranar 17 ga Fabrairu, a 2027 kuma 6 ga Fabrairu. A 2026 da 2027 ranakun sun faɗo dab da farkon azumin Ramadan. A ƙasar Hausa kuwa an saba da yawaitar ɗaurin aure a makonnin da ke gabanin azumi. Wato lokacin da buƙata ta fi yawa a Kano da Katsina da Maraɗi ya zo daidai da lokacin da masana'antu ke rufe ƙofa.

Akwai kuma hutun mako guda da ke farawa 1 ga Oktoba, da baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou tun 1957, sau biyu a shekara, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba. Bayan kowane baje koli oda kan yi wa masana'antu yawa, kuma mai neman kati 200 ba ya shiga gaban mai neman dubu 20.

Batiri da hanya

Kammala aiki a masana'anta rabin tafiya ne. Dokokin sufurin jiragen sama na duniya sun sanya batirin litiyom cikin kaya masu haɗari, saboda yana iya kamawa da wuta. Dole batirin ya kasance ya ci gwajin da ake kira UN 38.3, a kuma shirya kayan da alamomin da aka tanada. Wannan ya sa kamfanonin dakon kaya a Sanyuanli ke ware kaya masu batiri daga sauran, da farashi daban, kuma sau da yawa sai an bi da su ta Hong Kong. Dillali kan jira har kayan mutane da dama su taru kafin ya tura, don haka tafiyar da jirgi ke yi cikin yini guda takan zama mako ɗaya zuwa biyu.

Ta ruwa ya fi sauƙin kuɗi, amma jirgi kan shafe fiye da wata guda kafin ya isa Legas, sannan a shiga batun takardun kwastam da fitar da kwantena da hawa mota zuwa arewa. Ga 'yan kasuwar Nijar hanyar ta ƙara tsawo tun bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da rufe iyaka da Benin ya tilasta karkatar da kaya da yawa daga Kwatano zuwa Lome, su ratsa Burkina Faso.

To yaya lissafin yake?

In aka tara mako guda na zane da biyan kuɗi, mako guda na samfuri, mako biyu zuwa uku na aiki, da mako ɗaya zuwa biyu na jirgin sama, za a ga "kwana goma" ya koma mako biyar zuwa bakwai. Ta ruwa kuwa sai a yi maganar wata uku. Katin gayyata kuma ba ranar biki ake buƙatarsa ba, sai an raba shi makonni kafin nan.

Waɗanda suka daɗe a harkar na bin wasu ƙa'idoji. Suna neman a rubuta musu ranar da kaya za su bar masana'anta, ba adadin kwanaki ba. Suna tambaya ko allon da suke so yana nan a ajiye ko sai an yi odarsa. Ba sa amincewa da samfuri sai sun ga bidiyonsa ana buɗewa ana rufewa. Suna sa wakili ya gwada kayan kafin a cika kuɗi, suna kuma ƙara 'yan katuna a kan adadin saboda waɗanda za su lalace a hanya.

Wata dabarar ita ce barin rana da wurin taro daga jikin kwalin, a saka su cikin bidiyon kaɗai. Yawancin katunan na da kafar da ake jona su da kwamfuta, in dai an nemi masana'anta kada ta kulle ta. Ta haka in an ɗaga biki, bidiyon kawai za a sauya a gida, ba sai an sake jiran Guangzhou ba.