Kalma Ɗaya Mai Aiki Biyu a Turanci



A filin Turanci na wannan fitowa za mu duba wata tambaya da malamai kan kawo a gwaji. Za a ba ka kalma ɗaya, a ce ka gina jimla biyu da ita, a ta farko ta zama suna, a ta biyu ta zama aikatau. Tambayar gajera ce, amma tana cin makin wanda bai san kanta ba. Ga shi kuma jarrabawar BECE na jiran kowa a ƙarshen aji uku, kuma Turanci na cikin darussan da ba a wasa da su. Don haka ku ɗan tsaya a gaban allon nan, ko da kun rage lokacin tara ne.

Mu fara da tuni

Suna shi ne kalmar da ake kiran mutum, ko dabba, ko wuri, ko wani abu da ita, kamar Illela, raƙumi, albasa da kasuwa. A Turanci ana ce masa "noun". Aikatau kuwa shi ne kalmar da ke nuna abin da ake yi ko abin da ya faru, kamar saya, tafi, ɗauka da zauna. Shi ne "verb".

A Turanci akwai kalmomi masu yawa da ke yin aikin nan biyu ba tare da an ƙara musu ko harafi ɗaya ba. Idan ka ga irin wannan kalma ita kaɗai a kan allo, ba za ka iya cewa suna ce ko aikatau ba. Sai ta shiga jimla ake gane aikinta.

Kalmar da duk ɗan Illela ya sani

Babu wanda ya tashi a garin nan da bai san canji ba. Ranar Lahadi idan kasuwa ta cika, mai saye na jiran canjinsa a wurin mai shago, 'yan canji kuma na juya naira da sefa saboda mutanen da ke shigowa daga Birnin Ƙonni. Wannan kalma ta canji daga Turanci muka aro ta, wato "change". Ku dubi yadda take aiki:

"Give me my change." Ma'ana, ba ni canjina. A nan suna ce, domin kuɗi ake nufi.

"I want to change my naira." Ma'ana, ina son in canza nairata. A nan aikatau ce, domin wani abu ake son a yi.

Ku lura da abin da Hausa ta yi da ta ari kalmar. Ta raba ta gida biyu: canji ya zama suna, canza ya zama aikatau. Ba wanda zai ce "ba ni canzana", ko "zan canji riga". Turanci kuwa ya bar ta yadda take, "change" nan, "change" can. Abin da ke rikita mu ke nan, domin kunnenmu ya saba da jin bambanci a jikin kalma.

Su ma Turawan Ingila aro kalmar suka yi daga Faransanci. A shekarar 1066 mutanen Nomandi daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi, daga nan kalmomin Faransanci masu yawa suka shiga Turanci. Rubutun "Bureau de Change" da ake gani a allon ofisoshin 'yan canji ma Faransanci ne. 'Yan uwanmu na Ƙonni masu karatu da Faransanci sun fi mu sauƙi a nan, domin a wurinsu sunan shi ne "change", aikatau kuma "changer". Kalma ɗaya ta taso daga Faransa, ta bi ta Ingila, ta zo ta zauna a kasuwar Illela.

Hausa ma tana da irinsu

Kada mu ɗauka Turanci kaɗai ke da wannan hali. Ku dubi kalmar gyara. Idan aka ce "Ya gyara keke", aikatau ce. Idan aka ce "Keken yana son gyara", suna ce. Haka ma gyaran da mai gero ke ƙara maka bayan ya gama awo. Ga kuma noma: a "Sun noma gero" aikatau ce, a "Noma ya yi kyau bana" suna ce. Rubutu iri ɗaya ne, amma babu Bahaushen da ke ruɗewa, domin sauran kalmomin jimlar na nuna masa hanya. Dabarar da muke yi a Hausa ba tare da tunani ba, ita za mu ɗauka mu kai Turanci.

Alamomin suna

Abu na farko, dubi kalmar da ta zo kafin ta. Idan ka ga "a", "an", "the", "this", "that" ko "some", mai yiwuwa suna ne ke biye. Haka ma kalmomin mallaka irin su "my", "your", "his", "her", "our" da "their". Wani lokaci sifa kan shiga tsakani, kamar a "the heavy load", wato kaya mai nauyi, amma duk da haka "load" suna ce.

"The load is heavy." Kayan suna da nauyi.

"There is a stamp on the paper." Akwai hatimi a kan takardar.

Alamomin aikatau

Aikatau kan biyo bayan mai yin aikin, musamman wakilin suna irin su "I", "we", "you", "he", "she" da "they". Yakan kuma biyo bayan "will", "can", "must" da "do not". Sannan yana karɓar lokaci, wato za ka iya mayar da shi jiya ta hanyar ƙara "ed", ko ka nuna ana cikin yi da "ing".

"They load the lorry at night." Suna yi wa babbar mota lodi da dare.

"The officer will stamp your paper." Jami'in zai buga wa takardarka hatimi.

Gwaji mafi sauƙi shi ne ka sa "yesterday" a ƙarshen jimlar, ka ga wace kalma ce za ta canza. "They loaded the lorry yesterday." Wadda ta canza ita ce aikatau.

Akwai kuma doka ɗaya da ba ta kuskure: kowace cikakkiyar jimla ta Turanci sai da aikatau. Saboda haka fara neman aikatau tukuna. Dubi wannan: "The farmers water their onions." Mun saba "water" ruwa ne. To, amma ina aikatau a jimlar? "Farmers" manoma ne, "onions" albasa ce. Ba abin da ya rage sai "water". Ke nan a nan tana nufin ban ruwa, wato manoma suna ba albasarsu ruwa, kamar yadda 'yan noman rani ke yi.

Tarko uku

Tarko na farko shi ne harafin "s" a ƙarshen kalma. A jikin suna yana nuna jam'i. A jikin aikatau kuwa yana nuna mai yin aikin ɗaya ne. Mu gwada da "border", wato iyaka, tunda a bakinta muke zaune.

"The government closed the borders in 2019." Gwamnati ta rufe iyakoki a 2019. A nan "borders" suna ce, jam'i, ga kuma "the" a gabanta. Aikatau shi ne "closed". Wannan abu ya faru da gaske a watan Agusta na shekarar, sai a Disamba 2020 aka sake buɗe iyakar Illela tare da ta Seme, da Maigatari, da Mfun.

"Sokoto State borders Niger Republic." Jihar Sakkwato ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. A nan "borders" aikatau ce. Idan ka cire ta, jimlar ta zama sunaye biyu kawai da babu abin da ya haɗa su.

Tarko na biyu shi ne "to". Wasu sun haddace cewa duk abin da ya biyo bayan "to" aikatau ne. Ba kullum ba. Idan "to" na nufin "zuwa", suna ne ke biye. "She went to market", ta tafi kasuwa, suna ce. "She wants to market her groundnut oil", tana son ta tallata man gyaɗarta, aikatau ce.

Tarko na uku shi ne kalmomin da suka yi kama da juna amma rubutunsu ya bambanta da harafi ɗaya. "Advice" shawara ce, suna. "Advise" ba da shawara ne, aikatau. Haka "practice" suna ce, "practise" aikatau, a rubutun Ingila da muke bi a makarantunmu. Mai "c" suna, mai "s" aikatau. Amurkawa kan rubuta "practice" a duka biyun, shi ya sa za ka iya ganin haka a waya.

Idan aka zo furtawa

Wasu kalmomi masu gaɓa biyu rubutunsu ɗaya ne, amma furucinsu ya bambanta. Idan suna ne, ana ƙarfafa gaɓar farko. Idan aikatau ne, ana ƙarfafa ta biyu. EXport kayan da ake fitarwa ƙasar waje ne, exPORT kuwa fitar da su. IMport kayan da ake shigowa da su ne, imPORT shigo da su. Haka REcord da reCORD, da PREsent da preSENT. Wannan ma ba baƙo ba ne a gare mu. Furta "ya gyara" da "yana son gyara" a hankali, za ka ji karin sautin ba ɗaya ba ne. Sai dai ba kowace kalma ce ke bin wannan ba. "Border", "market" da "water" furucinsu ɗaya ne a duka wuraren.

Me ya sa Turanci yake haka?

A tsohon Turanci kalmomi na da ƙarshe iri-iri da ke nuna aikinsu a jimla. Da tafiya ta yi nisa, yawancin waɗannan ƙarshen suka zube, sai wurin da kalma ta zauna ya zama shi ne mai nuna aikinta. Har yau ana ci gaba da mayar da suna aikatau. Google sunan kamfani ne da aka kafa a Amurka a 1998, amma kafin 2006 ta ƙare, manyan ƙamusoshin Turanci sun shigar da "google" a matsayin aikatau mai nufin bincike a intanet. Haka "phone" waya ce, amma "I will phone you" na nufin zan kira ka.

Yadda za ka amsa a gwaji

Inda maki ke zubewa shi ne ɗalibi ya rubuta jimla biyu daban, alhali kalmar suna ce a dukansu. Misali, "I need water" da "I drink water". Ya ga akwai aikin sha a ta biyu, sai ya ɗauka ya gama. Amma "drink" ce aikatau a wurin, "water" tana nan a matsayin ruwa.

Don ka tsira, a jimlar suna fara da "The" ko "My", ka sa kalmar, sannan ka kawo wani aikatau daban kamar "is". A jimlar aikatau fara da "I will" ko "We can", ka sa kalmar nan take. Misali, "The park is full", tasha ta cika. "We can park here", za mu iya ajiye mota a nan. Ka ja layi a ƙarƙashin kalmar, ka rubuta aikinta a gefe don Malam ya gani. Gajerar jimla mai kyau ta fi doguwa mai kuskure.

Gwada kanka

A kowace jimla, faɗi ko kalmar da aka ambata suna ce ko aikatau:

1. "book": "Please book a seat for my father."
2. "charge": "I must charge my phone."
3. "cross": "The traders cross the border on Sunday."
4. "stop": "The bus stop is far."
5. "change": "There is a change in the timetable."

Sannan ka gina naka jimloli biyu-biyu da "plant", "cook" da "answer". Ku rubuta a takarda da sunanku da ajinku, ku miƙa wa kowane ɗan ƙungiyar 'yan jarida kafin Juma'a. Za mu kai wa malamin Turanci ya duba, amsoshin kuma za su fito a wannan allo a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya ba yayyenmu 'yan aji uku sa'ar jarrabawa. Amin.