Abalessa: Yini guda a kabarin Tin Hinan, da taguella mai zafi

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zaune a Tamanrasset sun shafe shekaru suna kai-komo tsakanin kasuwa da gida, amma ba su taɓa leƙa Abalessa ba, alhali tazarar ba ta wuce kilomita 80 yamma da gari ba. Wanda ya fita bayan sallar asuba zai je ya dawo kafin magariba.

Hanyar kan bi ta Tit, inda Abzinawan Ahaggar suka gwabza da dakarun Faransa a shekarar 1902. Daga nan sai a karkata yamma, har a fara hango dabino da gonakin bakin kwari.

Abin da ke kai mutane garin shi ne wani tsohon gini na duwatsu a kan tudu, mai ɗakuna 11, wanda ake kira kabarin Tin Hinan. Abzinawa na ɗaukar ta a matsayin kakarsu. Labarin baka ya ce ta taso ne daga Tafilalt a ƙasar Maroko tare da baiwarta Takamat, kuma da guzurinsu ya ƙare a hamada, Takamat ce ta tono hatsi daga gidan tururuwa suka rayu.

A shekarar 1925 wata tawaga ƙarƙashin Byron Khun de Prorok ta buɗe kabarin. Suka tarar da ƙasusuwan mace a kan gadon katako, da mundayen azurfa a hannun dama, na zinariya a hagu. Masana sun danganta binnewar da ƙarni na 4 miladiyya, wato tun kafin zuwan Musulunci. Don haka kada wani ya je da niyyar ziyarar waliyyiya. Wurin tarihi ne. Kuma ƙasusuwan ma ba su nan, an kai su gidan tarihi na Bardo a birnin Aljiyas.

To, in an gama hawa da sauka, sai batun ciki. Abincin wurin shi ne taguella: a kwaɓa gari, a binne shi cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, in ya gasu a kakkaɓe tokar, a gutsuttsura shi a zuba miya ko man shanu. Bayansa shayi zai biyo, zagaye uku. Tashi kafin na ukun rashin ladabi ne ga mai masauki.

Akwai kuma abin da zai ba Bahaushe dariya: gasasshen naman da mutanen wannan yanki ke ji da shi, sunansa "mainama". Ai kalmarmu ce, mai nama, ta tsallako daga kudu ta zauna daram a bakin Larabawa da Abzinawa.

Shawara ga mai niyya: ya riƙe takardunsa a aljihu saboda shingayen jami'an tsaro, ya ɗauki ruwa isasshe, ya kuma zaɓi lokacin sanyi, don zafin bazara a nan ba wasa ba ne. Kada a ɗauke ko dutse ɗaya daga ginin, domin yana cikin yankin Ahaggar da gwamnati ta sa ƙarƙashin kariya tun 1987. A tafi da yara ma. Waɗanda aka haifa a nan sun cancanci sanin labarin ƙasar da suke girma a cikinta.