Daga Gidan Dara Zuwa Wayar Hannu: Yadda Ake Haɗa 'Yan Wasa Abota

A Anka da Gummi da Bukkuyum, mai son dara ba ya wahalar neman abokin karawa. Da la'asar sakaliya yakan tarar da gidaje 30 a haƙe a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'yansa 12, 'yan kallo kuma sun kewaye. Kowa ya san gwani, ya san ɗan koyo. To amma ɗalibin da ya buɗe Ludo King ko PUBG Mobile a wayarsa, cikin dubban baƙi yake faɗawa. Ta yaya masu ƙera irin wannan wasa suke mayar da baƙo aboki?

Dabara ta farko ita ce daidaita ƙarfi. Kwamfuta takan ba kowane ɗan wasa maki, ta haɗa shi da tsararsa. Tushen wannan lissafi shi ne tsarin Arpad Elo, wanda hukumar wasan ces ta duniya ta karɓa a 1970. Wanda ya kayar da wanda ya fi shi maki, nasa makin ya ƙaru sosai. Wanda ya kayar da na ƙasa da shi, kaɗan zai samu. Ta haka ɗan koyo ba ya shan kaye kullum har ya yi zuciya.

Dabara ta biyu ta shafi ilmin halittu. A 1992, Robin Dunbar, wani masani ɗan Ingila, ya kwatanta girman ɓawon ƙwaƙwalwar birai da yawan garkensu, ya ƙiyasta cewa ɗan Adam ba ya iya riƙe hulɗa mai ɗorewa da fiye da mutum 150. Daga baya ya nuna cewa a cikinsu aminai kamar 5 ne, abokai na kusa 15, sai na zumunci 50. Wasannin sun yi daidai da wannan: tawagar PUBG Mobile mutum 4 ce, ƙungiyar Clash of Clans kuwa ba ta wuce 50.

Ta uku ita ce maimaita haɗuwa. Birai suna ƙulla zumunci ta hanyar tsince wa juna ƙwarƙwata. Mutane kuwa ta hira da dariya. Shi ya sa ake sa jerin abokai da damar magana da murya, da kuma hanyar toshe mai zagi.

Sai dai akwai abin lura. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, ƙungiyoyin waya suka tsaya cik, na gindin bishiya kuwa ba su dogara da layi ba. Bugu da ƙari, kwamfuta tana auna gwanintar mutum ne, ba halinsa ba. Don haka ya kamata malamai su ja kunnen ɗalibai kada su faɗa wa baƙon wasa sunan garinsu, ko makarantarsu, ko ranar tafiyarsu.