Jakar Maharbi, Rabin Bindigar da Ake Mantawa da Shi

Bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin wadda muke kira bindigar toka ko adaka, harbi ɗaya take ɗauka a cikinta. Da ta tashi, ta koma sanda, sai mai ita ya sa hannu a jakar fatar da ke rataye a haƙarƙarinsa ya ciro abin da zai sake ciyar da ita. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya ba da labarin wannan bindiga ya tsallake jakar, rabin labari ya bayar. Ga kaɗan daga abubuwan mamakin da ke tattare da ita, galibinsu daga dazukan Amurka na ƙarni na 18 da na 19, inda wasu maharba suka ɗinka tasu a gida, wasu kuma suka saya wurin masu ɗinkin sirdi.

Abu na farko, ƙarama ce ƙwarai. Yawancin tsofaffin da suka rage faɗinsu bai wuce taƙi ɗaya ba. Ba ta guzuri ba ce, ta harbi ce kawai: harsasan darma, ƙyallen naɗe su, ƙanƙarar ƙyasta wuta, da 'yan ƙarafan gyara. Kuma a sama ake rataya ta, daidai ƙarƙashin gwiwar hannu, don in mutum na gudu cikin sarƙaƙiya ya danne ta da damtsensa. Idonsa na kan dabba ko abokin gaba, yatsu ne ke lalube. Jakar da aka cika da tarkace ta ci amanar mai ita.

Bindigar da ta fi suna da wannan jaka ana kiranta ta Kentaki, alhali ba can aka haife ta ba. Maƙeran Jamus da suka yi ƙaura zuwa yankin Lancaster na Fensilbaniya ne suka fito da ita a ƙarni na 18. Wata waƙa da aka yi kan yaƙin New Orleans na 1815 ita ta liƙa mata sunan Kentaki.

Ba da inci mutanen da suke auna bakin bindiga ba, da ƙidayar harsashi ne. Sai a ce laba ɗaya ta darma, wato giram 454, harsashi nawa za ta fitar? Bindiga mai bakin rabin inci takan sami kusan 40. Ƙaramar da ake harbin kurege da ita takan haura 100. Ta sojan Ingila kuwa kusan 14 ne. Ga mutumin da zai yi wata uku a dawa, kuma a kafaɗarsa zai ɗauki darmar, wannan lissafi ba wasa ba ne. Darma na narkewa a zafin digiri 327, wutar da aka hura don dafa abinci ma ta isa, don haka maharbi kan tafi da ɗan mazubinsa ya zuba harsashi da dare a bakin wuta. In ya tarar da harsashin cikin naman da ya kasar, ya ciro ya sake narkarwa.

Dabarar da ta fi burge ni ta Meriwether Lewis ce, wanda shi da William Clark suka ja ayari daga 1804 zuwa 1806 har gaɓar tekun Fasifik. Ya sa an ƙera masa gwangwanaye 52 da zallar darma. Kowane ɗaya nauyinsa laba 8, an zuba masa albarushi laba 4, an toshe an liƙe da kaki. In albarushin ya ƙare, sai a narkar da gwangwanin a zuba harsashi. Gwangwanin ma makami ne. Kwalekwalensu sun sha shan ruwa, amma da suka bincika a watan Fabrairun 1806, sun tarar da albarushin a bushe.

Albarushin maharbi ba cikin jakar yake ba, yana cikin ƙahon sa da ke rataye a samanta. Ƙaho ba ya jin ruwa, ba ya fitar da tartsatsi, kuma in an kankare shi ya yi sirara, mutum kan ɗaga shi ga rana ya ga inda albarushi ya tsaya. A yaƙin da Ingila da Faransa suka gwabza a Amurka daga 1754 zuwa 1763, sojoji sun riƙa zana taswira a jikin ƙahonsu, da kogin Hudson da na Mohawk da sansanonin da ke kan hanya.

Sai dai ba a tuttula albarushi daga ƙahon kai tsaye cikin bindiga. In akwai ɓurɓushin wuta da ya rage a ciki, ƙahon gaba ɗaya zai fashe a hannun mai shi. Shi ya sa ake ɗaure ɗan ma'auni a igiyar jakar, na ƙashi ko na tsinin ƙahon barewa. Tsohuwar ƙa'idar dawa ita ce ka ɗora harsashin a tafin hannu, ka zuba albarushi har ya rufe shi, wannan ne awonka.

Akwai wanda bai damu da awo ba, kuma a nan Afirka ya yi. Frederick Selous, Baturen Ingila da ya yi farautar giwa a ƙasar Matabele a farkon shekarun 1870, bindigarsa harsashi 4 ne laba. Albarushinsa a sake yake cikin jakar fata a kwiɓinsa, da hannu yake damƙowa ya zuba. Wata rana bindigar ta ƙi tashi, mai ɗauko masa ita bai sani ba ya ƙara mata wani ɗurin a kan na farko. Da Selous ya ja kunama, sai ga shi a ƙasa, fuska a yanke, ƙotar bindigar ta tarwatse. Daga baya da kansa ya ce waɗannan bindigogi sun taɓa masa jijiyar harbi har abada.

Ɗuri kan ɗuri ba shi kaɗai ya same shi ba. Bayan yaƙin Gettysburg na 1863 a Amurka, an tsinci bindigogi sama da 27,000 a fagen fama. Kimanin 24,000 a ɗure suke, rabinsu da ɗuri biyu, an kuma sami ɗaya mai ɗuri 23. Cikin ƙara da hayaƙi da firgici, soja na ta ɗurawa bai san ba ta tashi ba. Saboda irin wannan ne maharbi ke ajiye wani ɗan ƙarfe mai kama da kusar murɗawa a jakarsa, wanda ake ɗaura wa sandar ɗuri a zaƙulo harsashin da ya maƙale.

Ƙyallen da ake naɗe harsashi da shi sai an shafa masa maiƙo, kitsen dabba ko kakin zuma. In ana sauri, yawu ma ya yi. Wannan ɗan maiƙo ya taɓa girgiza daula. A 1857 aka kawo wa sojojin Indiya sabuwar bindigar Enfield, wadda albarushinta da harsashinta ke ƙunshe cikin takarda mai maiƙo, kuma da haƙori ake yage ta. Labari ya bazu cewa kitsen alade da na saniya ne. Musulmi ba ya kai alade baki, Bahinde ba ya kai saniya. Ran 10 ga Mayu aka yi bore a Meerut, wutar ta ci arewacin Indiya, a 1858 kuma aka karɓe mulkin ƙasar daga hannun Kamfanin Gabashin Indiya. Akwai tsofaffin ƙorafe-ƙorafe a ƙasa, amma kitsen ne ya ƙyasta ashana.

Ƙanƙarar bindiga ba ta daɗewa. A da, guda ɗaya ake ba sojan Amurka a kan kowane harbi 20. Wani ƙaramin gari mai suna Brandon a gabashin Ingila ya rayu a kan fasa ta, shi ya ciyar da sojojin Ingila a yaƙin Napoleon. Da Turai ta bar bindiga mai ƙanƙara, kasuwar Afirka ce ta riƙe mafasan Brandon har cikin ƙarni na 20. Sunan da Turawa ke kiran bindigar tokarmu ma daga fataken Danmak ya samo asali, waɗanda suka yi ciniki a gaɓar tekun Gana.

Wanda ya fara kashe wa ƙanƙarar kasuwa limamin coci ne a Sikotilan, Alexander Forsyth. Yana son harbin agwagin ruwa, amma walƙiyar da ke fara tashi a gefen bindiga tana korar su kafin harsashi ya fita. A 1807 ya yi rajistar dabarar tayar da albarushi da sinadarin da ke fashewa in an doke shi. Daga nan aka sami 'yar hular tagullar da ta maye gurbin dutse a cikin jaka.

Yanzu ga fatar kanta. 'Yan asalin ƙasar Amurka da ƙwaƙwalwar dabbar suke jeme fatarta, sannan su turara ta da hayaƙin ruɓaɓɓen itace. Hayaƙin ne sirrin: fatar da ta sha shi ko ruwa ya jiƙa ta, in ta bushe ba ta ƙandarewa. Turawa kuwa da ɓawon itace suke jima, aikin da kan ci watanni, ɗan'uwan abin da majemanmu ke yi da bagaruwa. Baƙin launi ma hanya ɗaya ce. Su suna jiƙa tsohon ƙarfe a ruwan kal, dukawanmu na haɗa kuloko da kashin maƙera. A duka biyun, ƙarfe ne ke haɗuwa da ruwan jimar da ke cikin fatar ya mai da ita baƙa, shi ya sa ba ya zuba kamar rini.

Ɗinkin a juye ake yin sa, da zaren lilin mai kakin zuma, a jiƙa fatar a birkito ta, ɗinki ya koma ciki inda ƙaya ba za ta same shi ba. Wasu kan bar gashin dabbar a marfin don ruwan sama ya zame. Duk wanda ya san burgamin maharbanmu na fatar akuya mai gashi, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Mai saye a yau ya lura da abu ɗaya. Yawancin fatar kasuwa jimar masana'anta ce da sinadarin kurom, hanyar da ta kankama tun 1884. Masu wannan harka suna guje mata don suna zarginta da cin ƙarfe. Gane ta ba wuya: yanki ɗan ƙeƙashe ka ƙona, in tokar ta yi kore, ita ce. Masu saye kuwa suna nan. Ƙungiyar masu harbi da irin wannan bindiga da aka kafa a Amurka a 1933 tana taro sau biyu a shekara a ƙauyen Friendship na jihar Indiana, da rumfunan masu fata da na masu ƙaho.

Jakar ma ta taɓa sauya aiki. Mutanen Ojibwe na yankin manyan tafkunan Amurka sun ga jakar harsashin sojan Turawa, suka ɗauke ta suka lulluɓe da ƙananan duwatsun ado dubbai, masu zanen furanni. Ta tashi daga kayan yaƙi ta koma kayan girma, har aka kai ga ɗinka waɗanda ba su da aljihu sam.

Sai an rasa kayan nan ake sanin darajarsu. A 1823, a bakin kogin Grand na Amurka, wata ƙatuwar dabbar dawa da ake kira beyar ta yayyaga wani maharbi, Hugh Glass. Mutum biyun da aka bari su yi jinyarsa suka ɗauka ba zai tashi ba, suka kwashe bindigarsa da wuƙarsa da kayan ƙyastunsa suka tafi. Da rarrafe da jan ciki, yana cin saiwoyi da ragowar naman da kyarketai suka bari, ya nufi sansanin Kiowa, tafiyar kusan kilomita 320. Da ya warke ya bi sawunsu har ya cim musu ɗaya bayan ɗaya. Bai kashe kowa ba, amma sai da ya karɓo bindigarsa.