Sayen lasifika a Damargu: kunne ake bi, ba ido ba

A Ollelewa, duk gidan kallon da murya ba ta fita sosai, ƴan kallo watsewa suke. Saboda haka, mai ƙaramin jari in ya sauka kasuwar Dole ta Damagaram, kada girman akwati ya ruɗe shi. Ya duba wat na RMS, domin lambar PMPO talla ce kurum. Ya tabbata om ɗin lasifika, 4 ko 8, ya dace da amfili, kada ya ƙone. Tun da finafinan Kano magana ce, lasifika biyu masu tace murya sun isa farawa. Wufa mai kaurin sauti kuwa batir take sha, sai hali ya samu. A saurara kafin a biya: araha ba ta ado.