Ko Kun Sani? Gubar da Hanta ke Kawarwa

In mun ci nama ko wake, jiki kan samar da wata guba, amoniya. Hanta ke mayar da ita yuriya, ta fita a fitsari, aikin da Hans Krebs da Kurt Henseleit suka gano a Jamus a 1932.

Akwai jariran da ke gadon hantar da ba ta iya wannan aiki. Yaro ya zo lafiya lau, kwana biyu ko uku sai ya ƙi nono, ga amai, ga numfashi da sauri, barci ya yi masa nauyi. Abin tausayi, a yi ta maganin ƙwayoyin cuta alhali amoniya ce ke illata ƙwaƙwalwarsa. Nau'in wannan cuta da ya fi yawa, wanda ake kira OTC, ɗa namiji kan gaje shi daga uwa. Sauran nau'o'in kuwa, auren zumunci na ƙara haɗarinsu. Gwajin jini ke tantancewa, kuma lamarin ba ya son jinkiri.